Gadar Forth: tafiyar farko a jirgin ƙasa ga sabon zuwa Edinbura

Duk wanda ya sauka Edinbura domin karatu ko aiki, shawarata ita ce ya ware yini guda cikin makonninsa na farko ya je gadar Forth, wato gadar jirgin ƙasa da ta tsallaka mashigin ruwan Forth kusa da birnin, domin a wannan gajeriyar tafiya zai koyi yadda ake hawa jirgin ƙasa a Sukotilan, ya kuma ga ginin da mutanen ƙasar suke alfahari da shi ƙwarai.

Ku tafi tashar Waverley ku nemi jirgin ScotRail mai zuwa yankin Fife, wanda ma'aikata suke hawa safe da yamma. Ku sayi tikitin zuwa da dawowa kafin ku shiga, ku kuma duba allo ku tabbatar jirgin zai tsaya a Dalmeny ko North Queensferry, saboda ba kowane jirgi ne yake tsayawa a can ba. Tafiyar kimanin minti 20 ce, kuma ɗalibi mai katin rangwame na Railcard yana samun sauƙin kashi ɗaya cikin uku.

Wanda ya tsallake gadar a cikin jirgi kawai bai gan ta ba, domin jajayen ƙarafa ne kurum za su riƙa giftawa ta taga. Ku sauka a Dalmeny, ku gangara ta matakala zuwa bakin ruwa a South Queensferry, ku tsaya a ƙarƙashinta har jirgi ya wuce ta samanku. Daga nan ne ake gane abin da ake nufi da tsawon mita 2,467 da hasumiyoyi uku da suka haura mita 100.

Girman nata yana da dalili. A Disambar 1879 gadar kogin Tay ta rushe cikin guguwa da jirgi a kanta, duk mutanen da ke ciki suka rasu, sai aka yi watsi da zanen Thomas Bouch, wanda shi ne ya tsara waccan gadar kuma aka riga aka ba shi aikin wannan. John Fowler da Benjamin Baker suka zana sabuwa wadda ko ido ya kalle ta zai yarda iska ba za ta kayar da ita ba. An buɗe ta ranar 4 ga Maris 1890, bayan aikin ya ci rayukan ma'aikata sama da 70, waɗanda aka rubuta sunayensu a wuraren tunawa a gaɓa biyun. A 2015 UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Ba a taka wannan gada da ƙafa, kuma shiga layin dogo laifi ne da ake cin tara a kansa. Mai son tsallake ruwan a ƙafa sai ya bi gadar mota ta 1964 da ke kusa. Ku ɗauki rigar sanyi mai tare iska ko da lokacin zafi ne, sannan a watan Disamba ku fita da wuri da alwalarku, domin magariba tana yi kafin ƙarfe 4 na yamma.