Kafin ka sa hannu a kwantiragin babban kamfanin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Amurka

In kai mai duba masu matsalar ƙwaƙwalwa ne, fara da tambayar matsayinka: W-2 ko 1099 (sunayen takardun haraji ne)? Mai W-2 ma'aikaci ne, kamfani ke cire masa haraji. Mai 1099 ɗan kwangila ne, harajin aikin kai na kashi 15.3 da inshorar lafiya duk a wuyansa suke.

Sai batun biya. Wasu kamfanoni kaso suke ba ka daga abin da inshora ta biya, ba daga abin da aka nema ba. In ta ƙi biya, ka yi aikin banza. Nemi amsa a rubuce: idan majinyaci bai zo ba, nawa ne naka? Lokacin rubuta bayanansa fa? Nan gajiya ke taruwa. Zama 30 da majinyata a mako a baki kamar wasa, amma minti 10 na rubutu bayan kowanne awa 5 ke nan, sau da yawa ba ko sisi.

A lambobin da ake neman kuɗin zama da su daga inshora, 90837 ta zaman minti 53 zuwa sama ce, 90834 kuwa minti 38 zuwa 52. Rubuta lokacin farawa da na tashi daidai, don masu binciken inshora kan karɓe kuɗin da ba su ga hujjarsa ba.

Karanta kuma sharaɗin barin aiki: majinyatanka za su iya bin ka?