Babi na 6: Yadda ake karanta tambarin muhalli a jikin kayan gini

Darasi na 1

Toh jama'a, birkiloli da kafintoci, kowa ya kalli buhun simintin da ya zo da shi. In ka ga hoton koren ganye a jikin buhu ko gwangwanin fenti, hoto ne kawai, kowa na iya bugawa. Shi ma hatimin NIS na hukumar SON ingancin kaya yake nunawa, ba ruwansa da hayaƙi.

Wadda muke nema takarda ce mai suna EPD. A ciki ake iya lissafa tasirin kaya ga muhalli a duk rayuwarsa, kamar siminti, tun daga fasa dutse, ƙona shi a tanderun da zafinsa ke kai maki 1,450 na Celsius, dakonsa a tirela, zamansa a gini, har ranar da aka rushe. Wasu masana na daban ne suke tantance ta, kuma galibi shekara 5 take yi, don haka a duba kwanan wata.

Darasi na 2

A takardar EPD, nemi layin da aka rubuta GWP. Sa yatsa a kai. Lambar gabansa ita ce nauyin iskar kabon da aka saki, da kilo. Amma kar ka karanta ta tukuna, fara tambaya: a kan nawa? Tan ɗaya, buhu ɗaya, ko kilo ɗaya?

Ai ko a kasuwa in aka ce maka masara dubu biyu sai ka ce mudu ko tiya? Toh haka nan ma.

Misali na ƙirƙira: takarda ta farko ta ce 800 a kan tan, ta biyu ta ce 45 a kan buhu. Wanne ya fi hayaƙi? Kusan kullum ajin nan 800 kuke cewa. Ba komai, mu sake. Buhu kilo 50 ne, tan kilo 1,000, kenan buhu 20 ne tan ɗaya. 45 sau 20, 900. Kun ga mai 45 ɗin ne ya fi.

A sake faɗa: a kan nawa? Malam, kai ma da ke baya, a kan nawa? Wallahi sati uku muna kan wannan, ana gyaɗa kai a aji ana fita a manta, haba dan Allah. Rubuta shi a bangon littafinka. Kafin lamba, a kan nawa.

Darasi na 3

A takardar EPD ana raba rayuwar kaya mataki-mataki da haruffa: A1 zuwa A3 na nufin lissafin ya tsaya a ƙofar masana'anta. A4 dako ne zuwa wurin gini, C kuma rushewa. Kar a gwada mai A1 zuwa A3 da wanda ya kai har C.

Darasi na 4

CEM I da CEM II nau'o'in siminti ne: CEM II an rage masa kilinka, wato dutsen da aka ƙona a tanderu, an ƙara wani abu, harafin L a sunansa na nufin dutsen farar ƙasa aka ƙara. Hayaƙinsa bai kai na CEM I ba.

Darasi na 5

Katako: a nemi hatimin FSC, mai nuna daga dajin da ake kula da shi ya fito. A kwafo lambar da ke ƙasansa a zo da ita ranar Talata.