Yadda ake sarrafa aikatau cantar a Sifaniyanci da harsunan Galisiya da Asturiya

Cantar na nufin rera waƙa, kuma daga cantare na Latin ya fito. Harsunan nan uku na ƙasar Sifen duk sun gaje shi da rubutu iri ɗaya, shi ya sa mai koyo ke saurin cakuɗa su.

Fara da cire -ar, saiwa cant- ta rage, sai ka liƙa ɗafa-ƙeya. A lokaci mai ci, Sifaniyanci na cewa canto, cantas, canta, cantamos, cantáis, cantan, wato ni, kai, shi, mu, ku, su. Harshen Galisiya wuri ɗaya ya bambanta: cantades a madadin cantáis. Wannan d ɗin ragowar t ce ta cantatis na Latin, wadda Sifaniyanci ya yar tun wajen ƙarni na 15.

A harshen Asturiya ne ake yawan tuntuɓe. Daidaitaccen rubutunsa yana mayar da -as zuwa -es, -an kuma zuwa -en: cantes, canten. Wanda ya saba da Sifaniyanci, da ya ga cantes sai ya ɗauka sigar fata ko buƙata ce, domin haka take a can. A Asturiya kuwa tana iya zama "kana waƙa" kawai, jimlar ce ke fayyacewa.

Shuɗaɗɗen lokaci sai an haddace. "Na yi waƙa" da "ya yi waƙa" su ne canté da cantó a Sifaniyanci da Asturiya, cantei da cantou a Galisiya. Manta lafazin da ke kan ó, sai cantó ya koma canto, ka juya "ya yi" zuwa "ina yi". Kada kuma ka kwaso he cantado, sigar Sifaniyanci mai kalma biyu ta "na yi waƙa", ka kai Galisiya ko Asturiya. Sigar kalma ɗaya suke amfani da ita. Haka cantara: a wurinsu yana ɗaukar ma'anar "ya riga ya yi waƙa", abin da Sifaniyanci ke faɗi da había cantado.

Saura wakilin suna. Sifaniyanci na sa shi gaba: la canto, ina rera ta. Sauran biyun a baya suke liƙa shi, cántoa a Galisiya, cántola a Asturiya. Da zarar korewa ta shigo sai ya dawo gaba: non a canto, nun la canto.