Yadda ake farauto kayan wasan tsofaffin katun a Kano, a gyara su ba tare da an lalata ba

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kano tsakanin shekarun 1980 da tsakiyar 1990 ya san zaman jiran ƙarfe huɗu na yamma a gaban akwatin talabijin, ana murɗawa tsakanin NTA da CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. Voltron kusan kowa ya riƙe sunansa. Sauran kuwa, irin su SilverHawks da Centurions da M.A.S.K. da BraveStarr, wani a kaset ɗin haya ya gan su, wani a gidan maƙwabta masu dish, wani ma kamannin kawai yake tunawa, sunan ya ɓace masa. Yawancin waɗannan katun an shirya su ne don a sayar da kayan wasa, kuma kayan ba su cika isowa hannun yaran nan ba a lokacin. Yanzu ne suke shigowa, a cikin dilar gwanjo, haɗe da 'yan tsana da motocin roba da takalman jarirai.

Samun su ba shi ne wahalar ba. Abin da ya yi shekara arba'in lafiya a ƙasar sanyi yakan lalace a hannun mai saye cikin mako guda, saboda garajen wanki da zafin garinmu.

Wurin farawa shi ne wajen 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai da masu kayan yara a kasuwar Sabon Gari, sai kuma masu baza tsofaffin kaya a bakin titi. Ka tambayi mai kaya ranar da yake buɗe dila, ka je da wuri. Kada ka tsaya a kan abin da aka jera sama, domin wannan sabo-sabo ne mai ɗaukar idon yara. Na da ɗin yana ƙasan buhu, ya yi dauɗa, an raba shi da takobinsa. Ka tona har ƙasa, ka tsinci ƙananan abubuwa: bindiga, hula, garkuwa, fiffike. Sau da yawa takobin ya fi mai takobin wuyar samu, don shi ne yara ke fara ɓatarwa. Idan ka tara, ka haɗa su kashi ɗaya ka taya. Ka ɗaga guda ɗaya kana murmushi, to ka ƙara masa kuɗi da kanka.

Kafin ka biya, juya shi ka nemi tambari. Ana buga shi a baya, ko a cinya, ko a tafin ƙafa: sunan kamfani, shekara, da ƙasar da aka yi shi. He-Man na Mattel ne, ya fito a 1982, katun ɗinsa ya biyo a 1983. ThunderCats na LJN ne daga 1985, kuma yawancinsu suna da ɗan maɓalli a baya mai motsa hannu. M.A.S.K. da Centurions da SilverHawks na Kenner ne. Kunkurun nan huɗu, wato Ninja Turtles, na Playmates ne daga 1988, ɓerayen babur na Biker Mice kuma na Galoob, 1993. Sai dai shekarar da ke jiki ta zubin farko ce, ba lallai ita ce shekarar da aka ƙera wanda ke hannunka ba. He-Man ɗin da gwiwarsa da gwiwar hannunsa ke lanƙwasawa sabon fitowa ne, na da ba ya yin haka. Jabu kuma ana gane shi da rashin nauyi, da fentin ido da ya kauce, da tsinin roba a gefen da aka haɗa, da tambarin da ya fito dishi-dishi ko babu shi sam.

Zakunan Voltron na ƙarfe suna buƙatar kulawa ta daban. Matchbox ne ya sayar da su a Amurka, kuma a 1986 an janye wasu da aka ƙera a Taiwan saboda dalma a cikin fentinsu. Akwai kuma jabun da aka fi sani da Lionbot. Ko wanne ka samu, na ajiya ne, ba na miƙa wa yaron da ke kai komai baki ba. Ka duba ƙarfen da kyau: idan ya yi ƙananan tsage kamar busasshen tabki, ko ya kumbura, ƙarfen ne ke ruɓewa daga ciki, kuma ba shi da magani. Ka bar wa mai shi.

Da ka iso gida, abu na farko shi ne ka bambance roba biyu. Gangar jiki da motoci galibi roba ce mai tauri, wadda in ka ƙwanƙwasa da farce za ta yi ƙara. Kai da hannuwa da makamai kuwa roba ce mai laushi, tana lanƙwasuwa. Kowace da abin da ke kashe ta.

Wanki: ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, lita ɗaya, da ɗigo uku zuwa huɗu na sabulun wanke-wanke na ruwa. Jiƙa na minti goma, a bi da tsohon burushin haƙori mai laushi, a ɗauraye, a shanya a inuwa a kan tawul. Lungunan da burushi bai kai ba, tsinken sakace da ɗan auduga. Omo ya yi ƙarfi, soson ƙarfe kuma ba a ma maganarsa. Duk abin da ke da sitika, ko wurin batir, ko noti a jiki, ba a tsoma shi a ruwa. Tsumma mai laima ya wadatar. SilverHawks ma haka, don ƙyallin azurfar da ke jikinsu shafe ne siriri ƙwarai, yatsa mai gumi kaɗai yana cin sa. Busasshen ƙyalle, a hankali, shi ke nan.

Kada fetur ko kalanzir ko tina ko ruwan goge farce su kusanci roba mai tauri. Ruwan goge farce narkar da ita yake yi, ya bar shaidar yatsa da ba ta fita. Rubutun biro ko maka a jikin roba mai laushi sau da yawa ya riga ya shige ciki; ka gwada ɗan sifirit a auduga a wurin da ba fenti, in bai fita ba ka haƙura.

Wani lokaci za ka ji hannu ko kai yana danƙo kamar an shafa zuma. Man da aka gauraya don robar ta yi laushi ne ke tsattsafowa, kuma zafi ke hanzarta shi. Wanki yana ɗauke shi, amma zai dawo, sai a maimaita. Takobin da ya lanƙwashe kuma a tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na daƙiƙa talatin, a miƙar da shi da yatsu, a jefa a ruwan sanyi yana miƙe.

Farar roba da ta koma ruwan ɗorawa ita ce ke jan mutane ga kuskure. Maganin da aka sani shi ne ruwan haidurojin na wanke ciwo da ake samu a kemis, mai kashi 3 ko 6 cikin 100. A zuba a farar kwalba mai faɗin baki, a nutsar da ɓangaren duka, a sa a rana, a ɗora murfi ba tare da an ɗaure ba domin yana fitar da iska. Masu bayani a intanet suna cewa a bar shi yini guda, amma su ranar Turai suke magana. Ranar Kano ta watan Afrilu tana zafafa ruwan har robar ta karkace. A yi da hantsi, daga takwas zuwa sha ɗaya, ana dubawa duk rabin awa ana juyawa, in bai isa ba a ƙara washegari. Ɓangaren da ya leƙo saman ruwa zai fito da layi. Noti a cire shi tukuna, don zai yi tsatsa. Roba mai launi, ja ko shuɗi, takan fito da dabbare-dabbare, saboda haka wannan aiki na fara ce da toka-toka kawai. Kuma launin yakan dawo bayan wasu shekaru. A ganinmu, ɗorawar da ba ta yi muni ba gara a bar ta.

Sojan roba na G.I. Joe da ya rabu biyu a ƙugu bai mutu ba. Zoben roba ne a ciki ya tsinke. Kwance notin da ke bayansa da ƙaramar sukudireba irin ta masu gyaran waya, ka ɗauki guntun zoben ka kai wa masu kayan famfo su ba ka daidai shi. Wanda ya matse da yawa zai fasa ƙugun. Notin da ya ci tsatsa a ɗiga masa man keken ɗinki, a bar shi ya kwana. In ka matsa da ƙarfi kan zai cinye. Ƙafafun He-Man su ma roba ce ke riƙe da su, in ta saki ba ya tsayuwa, kuma canza ta na buƙatar a tausasa cinyar da ruwan zafi kafin a zaro. Gaɓar da ta yi sako-sako, a naɗa mata farin tef na masu gyaran famfo zagaye biyu. Sufa gulu a gaɓa kashe ta yake yi, kuma tururinsa yana barin farin hazo a kewaye.

Wurin batir da ya yi farin gari, a duba irin batirin da ya zubar. In alkalin ne, auduga da ɗan ruwan khal ko lemon tsami. In irin na tocila ne mai araha, hodar baking soda da ruwa. A kankare ƙarfen da ƙaramar sanfefa, a bar shi ya bushe sarai, kuma kada a sake ajiye shi da batir a ciki.

Ajiya kuwa, saman sif a ɗaki mai rufin kwano babu silin shi ne wuri mafi muni, sai kuma bakin taga da cikin mota. A nemi ƙasa-ƙasa, inda rana ba ta kaiwa. Kabad mai gilashi yana tare ƙurar hunturu, wadda in ta haɗu da danƙon nan sai ta zama laka. In a akwati ne, kowane a ledarsa, makamansa a wata ledar daban, domin roba mai laushi in ta daɗe manne da mai tauri tana cin ta, ta bar rami daidai siffarta. Kada a ɗaure da kyauro. Ledar a huda ta wuri biyu ko uku, a jefa 'yan ƙunshin shanye laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a sabunta su kafin ruwan Agusta.