Nafkin Ko Famfas: Yadda Maijego Za Ta Zaɓa A Garin Jos

Ranar suna 'yan barka kan zo da ledojin famfas, a jibge su a kan durowa har ki ɗauka ba za su taɓa ƙarewa ba. Kafin a yi arba'in sai ki ga saura leda ɗaya, ita ma ta yi rabi. A nan ne maigida zai fara tambayar ina duk suka tafi, Hajiya kuma ta ce ai su da nafkin suka raini 'ya'ya tara, babu wanda ya nakasa. Kowa da gaskiyarsa. Sai dai ke ce mai wankin, ke ce kuma mai tashin dare, don haka ki auna abin da kanki.

Fara da ƙirge. Sabon jariri yana buƙatar canji sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana, in ya tasa ya koma wajen 6. Ko shidan kaɗai kika ɗauka, shekara ɗaya ta cinye guda 2,190. Ki duba adadin da aka rubuta a jikin leda, ki raba kuɗinta da shi, ki ga nawa ɗaya ya tsaya miki. Za ki lura cewa sayen ɗai-ɗai a shagon unguwa ya fi katan ɗin kasuwar Taminus tsada nesa ba kusa ba, sai dai ba a jin zafinsa saboda da kaɗan-kaɗan yake fita. Tsadar ma tana da dalili. Ban da faɗuwar naira, a Disambar 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai Pampers ɗin da muka ari sunansa muka laƙaba wa kowane iri, ya sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigowa da su, a 2024 kuma Kimberly-Clark mai Huggies ya ce zai tattara nasa. Molfix dai a Agbara ta jihar Ogun ake yinsa.

Daga nan ki duba ruwanki, domin a nan lissafin nafkin yake tsayawa ko ya rushe. Idan akwai rijiya ko burtsatse a gidan, kin huta. Idan kuwa sai kin leƙa ƙofar gida kina jiran ɗan ga-ruwa, to kuɗin jarka ya shiga lissafi, da sabulu, da gawayin ɗumama ruwa. A nawa gidan, wankin nafkin na yini ɗaya da ɗauraya mai kyau bai taɓa cin ƙasa da jarka biyu ba. Mu da muke Unguwar Rogo da Gangare mun san yadda rijiya ke ja da baya a Maris da Afrilu kafin ruwa ya sauka. Ga kuma sanyin Disamba da Janairu, lokacin da tsoma hannu a bokiti da asuba yake zama jihadi.

Sai rana. Wannan shi ne abin da baƙi ba sa ganewa game da Jos. Da hunturu ki yi shanya da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙayau, har ta yi tauri. Amma a Yuli da Agusta ana iya kwana uku ana yayyafi, nafkin mai kaurin tawul yana rataye a igiyar ɗaki yana warin sanyi. Saboda haka dozin biyu ya ishe ki da rani, da damina kuwa ki nemi uku. Kada ki taɓa ɗaura wa yaro mai laima. Kuma kada ki shanya a ƙasa ko kan ciyawa: akwai wani ƙuda da ke son yin ƙwai a ƙasa da tufafi masu ɗanshi da warin fitsari, tsutsarsa ta shige fatar yaro ta fito kamar maruru. Shanya a igiya cikin rana da guga mai zafi ciki da bai su ne maganinsa, ko da dutsen gawayi ne.

Na huɗu, hannu nawa ne a gidan? Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, ko mai tagwaye, ko wadda za ta koma ofis ta bar yaro gidan raino, kada ta bari a sa ta jin kunya. Famfas ɗin shi ne nata.

In kin yanke sayen nafkin, iri biyu za ki tarar. Akwai na da, farin tawul mai kusurwa huɗu da ake naɗewa a soke da fil a ɗora wandon roba. Akwai kuma na yanzu mai maɓallai, wanda ake zura masa ƙyalle a ciki, ana matse shi ko a sassauta yadda yaro yake girma. Na biyun ya fi tsada, ya fi kuma daɗewa bai bushe ba. Ko wanne ne, ki nemi auduga.  Ki wanke sabo sau biyu kafin ki fara amfani da shi. Wandon roba kuma kada ya matse cinya har ya bar shaida.

Wankin kansa ga yadda yake. Ki kakkaɓe kashin a masai, ki ɗauraye nan take, ki jefa a bokiti mai murfi. Murfin dole ne, don yaro mai rarrafe yana iya faɗawa bokiti da ka, ruwa kaɗan ya ishe shi halaka. Kada jiƙon ya wuce kwana ɗaya. Ki wanke da ruwan zafi da sabulu marar ƙamshi, sannan ki yi ta ɗauraya har kumfa ya ɗauke. Wasu uwayen da suka ce nafkin ya ci wa ɗansu gindi, ragowar omo ne ya ci shi.

Famfas kuma da kilon yaro ake saye, ba da watanni ba, don haka ki riƙe nauyin da aka gaya miki ranar awo. In kin ɗaura, yatsunki biyu su iya shiga ta ƙugu, ki kuma zaro bakin roban cinya waje, shi ne ke tare yoyo. Wanda ake sayarwa a buɗe, babu suna babu kwanan wata, ni dai ba na kusantarsa.

Yanzu ga inda na fi son ki saurare ni. A cikin famfas akwai wani gari da ke shanye fitsari ya zama kamar kamu, shi ya sa samansa ke zama a bushe ko ya cika. Wannan ne ke yaudarar mu. Na taɓa zuwa barka na ga an kwance wa yarinya famfas da aka ɗaura tun safe, la'asar ta yi, ya kumbura ya yi nauyi kamar ƙullin ƙanƙara, matsematsinta ya yi jawur, tana ta canyara da aka zuba mata ruwa. Uwar ba mugunta ta yi ba, tattali take yi. To in kin ga kin fara lallaɓa guda ɗaya ya kai ki yamma, aljihunki ya riga ya zaɓa miki nafkin. Ko wanne kika ɗaura, ki duba duk bayan awa biyu zuwa uku, kashi kuwa ba ya jira. Ki wanke da ruwa, 'ya mace daga gaba zuwa baya, ki tsane, ki bar gindin ya sha iska kafin ki shafa man kaɗanya ko basilin ko mai sinadarin zinki. Hoda ki bar ta, shaƙarta ba ta da kyau ga jariri. Idan jan ya shiga lungun cinya da ƙananan ƙuraje a gefe, ko ya kwana uku bai lafa ba, ki kai shi asibiti. Kada ki karɓi man shafawa mai haɗe-haɗe a kemis, wasunsu suna siranta fatar yaro.

Wanda kika cire kuma, ki zubar da kashin a masai, ki naɗe, ki ƙulle a leda sai bola. Ba masai ba, ba kwata ba. Duk wanda ya ga lambatun unguwa bayan ruwan farko ya san abin da ke toshe shi.

Abin da ni na yi da 'ya'yana shi ne raba aiki: nafkin da rana muna gida, famfas da dare, da ranar awo, da biki, da tafiya Bauchi ko Kano, da makonnin Agusta da rana ke ɓuya. Da haka leda ɗaya takan yi mini ninki uku na kwanakin da take yi a da. Da yaro ya iya zama kuma sai na fara ɗora shi a fo da safe bayan ya sha nono, yadda kakarsu ke ɗora su a ƙafafunta tana yi musu "sss". Ba a yi wata biyu ba kashin safe ya daina shiga wanki.