Yadda za ka raba tagwayen kalmomi a Latin

In ka fara koyon Latin akwai wani rami da kusan kowa sai ya faɗa, wato sunaye biyu da rubutunsu ɗaya amma ma'ana daban, asalinsu ma ba su haɗa komai ba, kamar dai yadda muke da fari na launi da fari na rashin ruwan sama.

Maganin farko, kar ka kuskura ka haddace suna shi kaɗai, ka haɗa shi da sigarsa ta mallaka, wadda ƙamus ke ajiyewa a gefensa. Os baki ne, os kuma ƙashi ne, amma na baki oris yake komawa, na ƙashi kuma ossis, shi ke nan rigima ta mutu. Haka frons, in frontis ne goshi, in frondis ne ganye. Wanda ya fi ba ni dariya lens ne, lentis wani ɗan wake ne mai faɗi wanda daga siffarsa Turawa suka samo sunan gilashin tabarau, lendis kuwa ƙwan ƙwarƙwata, ka ga harafi ɗaya tak ya raba abin da ake ci da abin da ake tsefewa a ka.

In wannan bai fisshe ka ba sai ka duba tsawon wasali. Ƙamus mai kyau yana sa ɗan layi a saman dogon wasali, mālum mai dogon a tuffa ce kuma aro ce daga Girkanci, malum mai gajeren a kuwa mugun abu ne. Matsalar dai yawancin littattafai ba sa sa layin, sai dai in waƙa ce karinta ya tona asiri.

Jinsi ma yana taimakawa. Populus jama'a namiji ne, populus wata doguwar bishiya kuma mace ce, to sai ka leƙa sifar da ke biye, in Romanus ce (na Roma) namiji ne, in alba ce (fara) mace ce.

Amma fa akwai masu taurin kai. Ius doka ce, ius kuma romo ne, mallakarsu duka iuris, jinsi ɗaya, wasali ɗaya, babu dabarar da ta rage sai ka karanta jimlar gaba ɗaya ka ga kotu ake ko kicin. Romawan kansu sun yi wasa da wannan, a shekara ta 70 kafin haihuwar Annabi Isa lokacin da Cicero, wani lauyan Roma, ya kai ƙarar Verres tsohon gwamnan Sisili, ya kawo ba'ar da mutane ke yi da ius Verrinum, tunda verres namijin alade ne, kana iya jin shari'ar Verres kana iya jin romon alade, su kuwa duka biyun suke nufi.