Shigar yara firamare a Ingila: takardar gida kafin yunifom

Duk shekara idan watan Agusta ya zo ƙarshe, rukuninmu na WhatsApp kan cika da tambaya iri ɗaya daga sababbin zuwa: "Jama'a, wace makaranta ce mai kyau a unguwar nan? Ina so in kai yaro ranar Litinin." 'Yan uwa, a Ingila ba haka ake yi ba. Babu hedimasta da za ka je ka gaisar, babu wa ka sani wa ya san ka. Neman gurbi ta hannun ƙaramar hukumar unguwarka yake bi, wato kansil, kuma ranar haihuwar yaro da adireshin da yake kwana su ne suka fi nauyi a lissafinsu.

Maganar shekaru ba ta da wuya. Shekarar karatu tana ɗaukar yaran da aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Yaro yakan shiga ajin farko, wanda suke kira Risefshon, a Satumbar da ta biyo bayan cikarsa shekara huɗu. Idan ɗanka mai shekara shida yana aji uku a Kaduna saboda an yi masa tsallake, a nan cikin tsaransa za a zaunar da shi. Kada ka ɓata bakinka kana nuna sakamakon jarrabawarsa, ba sa kallo. Ana rufe karɓar fom ranar 15 ga Janairu, a faɗi sakamako wajen 16 ga Afrilu. Wanda ya sauka a Yuni ko Yuli ya riga ya makara, abin da ya rage shi zai samu. Karatun kyauta ne, kuma rubutun da ke kan bizarka cewa ba ka da rabo a tallafin gwamnati bai shafi makarantar yara ba.

Inda ido ke raina fata shi ne shaidar adireshi. Yawancinmu idan mun sauka ɗakin wani ɗan uwa muke raɓewa, ko mu kama ɗaki guda a gidan haɗaka. Kansil kuwa takarda take so mai sunanka da adireshin: takardar harajin kansil, yarjejeniyar haya, ko takardar kuɗin wuta da gas. A gidan haɗaka mai gida ne ke biyan harajin, don haka sunansa ne a kai. Wuta da gas suna cikin kuɗin haya, su ma da sunansa. Wasu kansil ɗin sukan ce a kawo wasiƙar tallafin yara, wanda mai irin bizarmu ba ya karɓa tun farko. Sai ka ga mutum yana biyan haya duk wata, amma a idon hukuma ba ya zaune ko'ina.

Mai gidan da na fara zama a wurinsa mutum ne mai fara'a, kullum "ba damuwa, ba damuwa". Kuɗi a hannu yake karɓa, ba rasit. Da na ce ya rubuta mini yarjejeniya saboda makarantar 'yata, sai fara'ar ta ɗauke. Yau ya yi tafiya, gobe lauyansa na dubawa. Daga baya wani maƙwabci ya fahimtar da ni cewa mutanen da ya cusa a gidan sun wuce adadin da aka yarje masa, shi ya sa ba ya son takardar da za ta kai sunan gidan gaban kansil. Satumba ta shiga, yarinya na tsaye a taga da safe tana kallon tsaranta suna wucewa da jakunkunansu, tana tambayata yaushe za ta tafi. Abin da ya fitar da mu a ƙarshe shi ne rajistar likita. Ba a buƙatar shaidar adireshi kafin a yi wa mutum rajista da likitan unguwa, kuma da an yi, wasiƙa takan zo gida da sunan yaro. Na haɗa ta da takardar banki, na je ofishin kansil na yi bayani baki da baki, aka karɓa. Kowace kansil da jerin takardun da take yarda da su, don haka ka duba na taka a shafinta tun kafin ka ba kowa kuɗin ɗaki. Wanda ya ƙi rubuta maka yarjejeniya tun ranar farko ba zai rubuta ba ranar da kake cikin matsi. Kuma ka riƙa biya ta banki.

Akwai shawarar da za a ba ka a masallaci, da kyakkyawar niyya: "Sa adireshin Alhaji wane, gidansa na jikin makarantar." Kada ka yi. Suna bincike, kuma idan suka gano, suna iya ƙwace gurbin ko da yaro ya fara zuwa aji.

Idan aka ce makarantar da kake so ta cika, to da gaske ta cika. Doka ta hana aji ya wuce yara 30 ga malami ɗaya a Risefshon da aji ɗaya da aji biyu. Kana da damar ɗaukaka ƙara, amma a waɗannan azuzuwan da wuya a ci nasara. Karɓi wadda aka ba ka, ka sa suna a jerin masu jira na wadda kake so. Jerin ba na wanda ya riga zuwa ba ne, ƙa'idojin makarantar ake bi, shi ya sa wanda ya tare kusa da ita jiya yana iya shiga gabanka yau. Idan makarantar da ta fi kusa da kai mai gurbi ta wuce mil biyu, yaro ɗan ƙasa da shekara takwas yana da haƙƙin sufuri kyauta. Ka tambaya, ba lalle su faɗa maka ba.

Sauran duk mai sauƙi ne. Yunifom yana nan da araha a manyan kantuna irin su Asda da Tesco, kuma a nan ina alfahari da matanmu: ban taɓa ganin ɗan sabon zuwa ya rasa rigar sanyi ko takalmi ba, kafin a ce me an haɗo masa na yaran da suka girma. Rubuta sunan yaro a jikin komai, har kwalbar ruwa. Abincin rana kyauta ne ga kowa a azuzuwa ukun farko tun 2014, sai dai ka cike a fom cewa halal yake ci, ko a ba shi na marasa cin nama. Makarantu da yawa rabin yini suke fara wa 'yan Risefshon a makonnin farko, mai aikin shifta ya shirya wanda zai ɗauko yaro, kuma sai wanda aka rubuta sunansa za a miƙa wa.

Za ka leƙa ajin ka ga yashi da ruwa da kayan wasa, yara zaune a kan darduma, ka ce ina karatun? Yana nan. Sautin haruffa suke koyarwa kafin sunayensu, kuma kullum jaka za ta dawo da ƙaramin littafi da ake so ka zauna ku karanta tare ka sa hannu. Kada ku daina yi masa Hausa a gida don wai ya kama Turanci, malaman kansu ba sa so a daina. Turancin zai zo da gudun da zai ba ka tsoro.

Abu biyu kuma ba na wasa ba ne. Malamai a nan wajibi ne a kansu su kai rahoto idan suka ga tabo a jikin yaro ko ya ce an zane shi, kuma yaro ɗan shekara biyar komai faɗa yake yi. Bulalar da muka sha a makarantar allo a bar ta a can. Na biyu, fashi. Ranar Sallah ka sanar da makaranta tun da wuri, ana ba da izinin ranar ibada. Amma ɗauke yaro mako biyu zuwa bikin ƙanwarka a Kano lokacin karatu, saboda tikiti ya fi araha, yana jawo tara da zarar yaro ya kai shekarun karatun dole, wato daga zangon karatun da ya biyo bayan cikarsa shekara biyar: tun Agustan 2024 fam 80 ce ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, ta koma 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Mai yara uku, shi da matarsa, ya lissafa kafin ya sayi tikitin.